Jiran Wata 5: Wa Ake Tacewa?

Tun 1956 Amurka take biyan kuɗin nakasa ga ma'aikacin da ciwo ya kayar, muddin ciwon ya hana shi neman abinci, kuma zai kai wata 12 ko ya zama ajali. Ko an amince da shi, sai ya jira wata 5 kafin ya ga sisi. Hujjar ita ce a tace masu ciwon ɗan lokaci. To, wanda likita ya riga ya ce ba zai tashi ba fa, me jiran zai tace? A 2020 an ɗauke wa masu ALS, cutar nan mai shanye jiki, wannan jira. Madalla. Amma mai ciwon daji da ya ci ƙarfinsa, a ganina, yunwarsa ba ta fi tasu haƙuri ba, alhali har yau yana cikin masu jira.