Guzurin Matafiyi Tsakanin Riba da Riba

Akwai kalmomi biyu a cikin harshenmu waɗanda muka aro daga Larabci, baki yana rarrabe su ta wajen jan wasali da karin sauti, amma alƙalamin boko da haruffa huɗu iri ɗaya yake rubuta su duka. Ɗaya ita ce riba, wato abin da ɗan kasuwa ke samu a bisa uwar kuɗinsa, wadda Allah Ya halatta. Ɗayar kuwa ita ce riba, wato ƙarin nan da Alƙur'ani ya yi wa masu cinsa gargaɗi mai tsanani a ƙarshen Suratul Baƙara. To, duk wanda ya ƙudura niyyar fita ƙasar waje, ko don hutu da buɗe ido a Alƙahira ko Istambul ko Dubai, ko don Umra a cikin watan azumi, ranar da ya ɗauki nairarsa ya nufi wurin 'yan canji yana neman inda za a ba shi dala ko riyal da rahusa, ya sani a tsakanin waɗannan kalmomi biyu yake tsaye, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce taku ɗaya ba.

Mas'ala ta farko da ya kamata a warware ita ce ko bin diddigin farashi da ja-in-ja a kan 'yan nairori yana cikin kwaɗayin da ke zubar da mutunci, domin na sha jin wasu suna cewa mai halin hawa jirgi don shaƙatawa bai dace a gan shi yana yawo daga teburi zuwa teburi yana tambaya ba. Ni dai ban ga hujjar wannan magana ba. Malaman usulu sun lissafa kiyaye dukiya a cikin larurori biyar da shari'a ta zo don tsarewa, tare da addini da rai da hankali da nasaba. Kuma malaman tafsiri sun ambata cewa wasu mutanen Yaman sun kasance suna zuwa hajji ba guzuri, suna da'awar tawakkali, in sun iso Makka su koma roƙon mutane, har aya ta sauka tana umurni da yin guzuri. Tarihi ma ya ajiye mana izina. A shekarar 1324 Mansa Musa, sarkin Mali, ya ratsa ta Misira a kan hanyarsa ta zuwa hajji, ya yi ta kyauta da sayayya da zinariya har darajarta ta faɗi a kasuwar Alƙahira, ga shi kuwa da ya juyo daga Makka sai da ya ci bashi wurin fataken garin kafin ya kama hanyar gida. In rashin lissafin guzuri ya kai sarki irin wannan ga bashi, ina ga ma'aikacin da ya shekara yana tara kuɗin tafiyar mako biyu?

Saboda haka wajibi ne matafiyi ya san yadda sana'ar take gudana. Kowane ɗan canji farashi biyu gare shi, wanda yake saye da wanda yake sayarwa, abincinsa kuwa yana cikin ratar da ke tsakaninsu, don haka mai hankali yakan tambayi duka biyun, a wuri fiye da ɗaya, kafin ya kwance bakin jakarsa. Ratar nan ta fi faɗi a filayen jiragen sama da manyan masaukai, inda aka san baƙo ya sauka a gajiye kuma ba shi da zaɓi, saboda haka abin da zai canja a can kada ya wuce kuɗin mota da na abincin yini guda. Ya kuma tuna duk lokacin da kuɗi suka sake riga sai an yanki wani abu a jikinsu: wanda ya mai da naira dala, ya je ya mai da dala riyal, sa'an nan ya dawo da ragowa ya mai da ita naira, sau uku ya biya ladan canji. Wani lissafin ma a sauƙaƙe yake, gama tun 1986 Saudiyya ta ɗaure riyal a kan 3.75 ga dala ɗaya, sefa kuma a ɗaure take a kan 655.957 ga yuro ɗaya, don haka mutumin Kano ko na Maraɗi zai iya zama a zaurensa ya auna ko sayen riyal a gida ya fi masa, ko tafiya da dala ko yuro. Mai biya da katin banki kuwa, in na'ura ta tambaye shi da wane kuɗi zai biya, ya zaɓi na ƙasar da yake ciki, domin canjin da na'urar ke yi masa tayi galibi ya fi tsada.

Duk wannan halal ne, amma yana da iyaka, iyakar kuwa ita ce babin da malaman fiƙihu ke kira sarfu. Asalinsa hadisin Ubadatu ɗan Samit ne a kan abubuwa shida, zinariya da azurfa da alkama da sha'ir da dabino da gishiri, wanda ma'anarsa ita ce in jinsi ɗaya ne a musanya daidai wa daida kuma hannu da hannu, in jinsi ya saɓa a sayar yadda aka daidaita, amma da sharaɗin hannu da hannu. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Maliku ɗan Ausu ya nemi canjin dinari 100, suka daidaita da Ɗalhatu ɗan Ubaidullahi, Ɗalhatu ya karɓi zinariyar yana jujjuya ta a tafin hannunsa, ya ce a dakata har ma'ajinsa ya dawo daga wani wuri da ake kira Gaba, sai Sayyidina Umar, da yake yana jinsu, ya rantse cewa ba za su rabu ba sai an miƙa dirhamin. Dubi dai, Ɗalhatu yana cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, ba wanda ke tuhumar amanarsa, amma duk da haka ba a yi masa rangwamen jinkirin yini ɗaya ba. Kada kuma wani ya ce ai wannan hukuncin ƙarfe ne, mu takarda muke riƙewa, gama majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta yanke cewa takardun kuɗi suna ɗauke da hukuncin zinariya da azurfa a babin riba da zakka, a zamanta na Jidda a 1990 kuma ta bayyana cewa shigar kuɗi cikin asusun mutum na banki tana tsayawa a matsayin karɓa da hannu.

Na ga wannan hukunci da idona wata rana da hantsi a Wapa, cikin Fagge, inda 'yan canjin Kano ke hada-hada. Wani dattijo yana zaune a bayan ɗan teburinsa, ga ɗaurin kuɗi da roba a gefe, ga na'urar lissafi wadda lambobinta suka goge saboda yawan dannawa, sai wani magidanci da zai kai iyalinsa hutu ya zo suka yi ciniki har suka daidaita. Ya miƙa hannu zai ɗauki dalar, yana cewa, "Baba, jirginmu na dare ne, bari in tafi da ita, in an yi la'asar yarona zai turo maka." Dattijon ya ɗora tafinsa a kan kuɗin, ya ce, "Alhaji, wallahi na yarda da kai, in rance kake so in ba ka rance, ka maido mini dala kamar yadda ka karɓa. Amma in canji ne, zauna ka sha ruwa har alat ya shigo." Magidancin ya zauna a kan benci ya buga waya, ba a jima ba wayar dattijon ta yi ƙara, ya duba, ya lissafa masa takardun ɗaya bayan ɗaya a gabansa, suka yi musafaha. Wannan bawan Allah ya rarrabe tsakanin rance da sarfu a cikin numfashi guda, abin da ɗalibi kan yi mako yana bita a gaban malaminsa.

Akwai kuma wata kafa da ƙafar mutane ke yawan zamewa a cikinta ba su sani ba. Sanannen abu ne cewa tsohuwar takardar dala, da ƙanana irin su biyar-biyar da goma-goma, ba a sayensu da farashin sabuwar takardar ɗari, don haka sai ka ga matafiyi ya ba da ƙanana na dala 105 a ba shi sabuwar ɗari guda, yana ganin ya yi dabara, alhali dala da dala jinsi ɗaya ne, ƙarin nan kuwa shi ne ainihin ribar fifiko. Mafita tana cikin ƙissar dabinon Haibara, inda aka hana musanya sa'i biyu na maras kyau da sa'i ɗaya na mai kyau, aka yi umurni a sayar da na farkon da dirhami sa'an nan a sayi na biyun. Haka matafiyin ma ya sayar da ƙananansa da naira, ya karɓi kuɗinsa a hannu, sa'an nan ya sayi sabuwar a wani ciniki dabam, in da hali ma a wurin wani ɗan canjin, yadda malamanmu na Malikiyya suka fi so don toshe kafar zargi.

Mafi muni daga wannan shi ne rahusar da ake samu da ƙarya. Kafin Babban Bankin Nijeriya ya haɗe farashin canji a watan Yuni na 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a hukumance, a kasuwa kuwa ta haura 700, an yi mutanen da ke shirya takardun tafiyar da ba za su yi ba, su karɓi kuɗin guzuri a banki, su zagaya su sayar. Suna kiran wannan wayo, amma dalar da suka karɓa rabon majinyaci ce da ɗalibi da matafiyin gaskiya, kuma abin da aka gina a kan shaidar zur ba ya zama halal don an kira shi ciniki.

Ashe ke nan canji mafi araha shi ne wanda mutum ya nema da ilmi, ya karɓa hannu da hannu, bai yi ƙarya don samunsa ba, bai kuma tauye kowa ba. Wanda ya samu haka, ya yi ciniki iyakar ƙarfinsa ba tare da jin kunya ba, sa'an nan in ya sauka ƙasar mutane ya saki hannunsa ga ɗan dako da mai share ɗaki, gama amfanin tattali shi ne a samu abin yin alheri. Wanda kuwa ya ga rahusa ta zo masa da jinkiri ko ƙari ko ƙarya, to, ya tsaya ya furta kalmar nan a hankali da bakinsa, ya saurara da kunnensa ya ji wace riba ce daga cikin biyun yake shirin zubawa a jakar guzurinsa. Allah Ya sa mu dace.