Idan Ladan Ya Yi Tallar Albasa

A wata unguwar Hausawa da ke cikin wani babban birni na ƙasar Yarabawa akwai teburin mai shayi da mukan zauna bayan sallar lisha, kuma a nan ne muka tarar da gardamar da ta haifi wannan rubutu. Wata tashar rediyo ta garin takan ware wa Hausawa awa guda a kowane mako, inda ake karanta gaishe-gaishe, a sanar da ɗaurin aure da rasuwa da cigiyar yaran da suka ɓata, a kuma faɗi farashin kayan gwari da suka sauko daga Arewa. Mai gabatar da shirin ya shekara da shekaru yana wannan aiki, har muryarsa ta zama tamkar ta ɗan gida. Kwatsam sai ya buɗe kamfanin kai mutane Umra, kuma tun daga ranar ba ya rufe shiri sai ya ambaci kamfanin sau uku ko huɗu, wani lokaci ma a tsakanin sanarwar rasuwa da addu'ar da ke biye da ita. Ba ya cewa talla ce, ba ya kuma cewa kamfanin nasa ne. Abin da yakan ce shi ne ya bincika da kansa, ya tabbatar mutanen kirki ne.

Masu shan shayin sun rabu biyu. Wani matashi direban babbar mota ya ce shi bai ga laifi ba, domin bakin mutum nasa ne, kuma wanda ya yi shekara ashirin yana yi wa jama'a hidima a kan albashin da bai taka kara ya karya ba, ai ya cancanci ya ɗan lasa. Wani dattijo mahauci ya ajiye kofinsa ya ce masa, "Yaro, da ladanin masallacinmu zai gama kiran salla, kafin ya kashe lasifika ya ce yana da albasa buhu goma ta sayarwa, za ka ce bakinsa ne?" Aka yi dariya, direban ya ce ai rediyo ba masallaci ba ne. Dattijon ya amsa cewa ya sani, amma dai lasifikar ba ta ladan ba ce.

Ra'ayi riga ne, in ji masu iya magana, kowa da irin tasa. Sai dai mu a ganinmu maganar dattijon nan ta taɓo ainihin tambayar, wadda ita ce: a cikin abin da mai gabatar da shiri yake riƙe da shi idan ya zauna gaban makirufo, wane ne nasa, wane ne kuma aka ba shi ajiya?

Kafin mu amsa, ya kamata mu tuna yadda Bahaushe ya ɗauki rediyo. Tun daga akwatin nan mai waya da Turawa suka kafa a Kano a 1944, zuwa buɗe Sashen Hausa na BBC a 1957, da gidan rediyon Kaduna a 1962, Bahaushe bai ɗauki rediyo a matsayin abin nishaɗi kawai ba. Ya ɗauke shi shaida. Idan gardama ta yi tsanani a dandali, wanda ya ce "a rediyo na ji" shi ke da rinjaye. Makiyayi ya rataya shi a kafaɗa, mai gadi ya kwana da shi, matar kulle ta san duniya ta bakinsa. Shirye-shirye irin su Zaɓi Sonka sun haɗa zumunci tsakanin mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, daga Kumasi har Fatakwal, har aka kafa ƙungiyoyin masu saurare. Duk wanda ya zauna a kujerar gabatarwa a yau, ko da jiya aka ɗauke shi aiki, ya tarar da wannan yarda a jibge tana jiransa. Ba shi ya tara ta ba. Wasu ne suka tara, da yawansu sun riga mu gidan gaskiya.

A wancan zamani gidajen rediyo duk na gwamnati ne, kuma talla tana da lokacinta da muryarta, kowa ya ji an sako ta ya san an sako ta. Abubuwa sun sake fasali bayan Doka ta 38 ta 1992, wadda ta kafa Hukumar Kula da Kafafen Watsa Labarai ta Ƙasa, ta kuma buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. RayPower ta fara aiki a Legas a 1994, Freedom Radio ta biyo baya a Kano a 2003, daga nan tashoshi suka yi ta tsirowa kamar ciyawar damina. Alherin wannan ba ya ɓoyuwa, domin talaka ya sami wurin kai kuka. Amma tare da shi aka shigo da al'adar sayar da fili, watau mutum ya biya tasha kuɗin rabin awa ko awa guda, sannan ya fita ya nemo abin da zai mayar da kuɗinsa. A irin wannan tsari, mai gabatarwa shi ne marubucin shiri, shi ne mai neman talla, wani lokaci kuma shi ne mai hajar.

A nan ne hujjar direban nan take da ƙarfi, kuma ba za mu yi mata riƙon sakainar kashi ba. A ƙasar da sai a 2024 mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, kuma ma'aikaci kan yi watanni yana jiran haƙƙinsa, wa zai ce wa ɗan jarida kada ya yi sana'a? Malaman makaranta suna noma, ma'aikatan asibiti suna da kantin magani, mu kanmu da muke wannan rubutu ba mu rasa ɗan abin da muke juyawa ba. Neman halal ba abin kunya ba ne, kuma wanda yunwa ta kama shi ya fi sauƙin saye ga ɗan siyasa fiye da wanda yake da shagon turare. Har ma muna iya cewa mai gabatarwa da ke da sana'arsa ya fi samun ƙarfin halin faɗin gaskiya. Saboda haka ba kasuwancin muke tuhuma ba.

Abin da muke tuhuma ya fito sarari a wani labari da malamai suka daɗe suna karantarwa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki wani mutum da ake kira Ibnul Lutbiyya ya karɓo zakka. Da ya dawo sai ya ware wani kaso ya ce wannan na baitulmali ne, wancan kuwa kyauta aka yi masa. Manzo bai amince ba, ya kuma nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa, ai da an ga ko kyautar za ta iske shi a can. Wannan ma'auni ne mai sauƙi, kuma ya dace da maganarmu ƙwarai. Mai gabatarwa ya tambayi kansa: da ina zaune a shagona ba tare da makirufo ba, mutum nawa ne za su miƙo mini kuɗin Umra ba rasit, ba shaida, don kawai na ce na bincika? Duk cinikin da zai samu a shago nasa ne. Abin da ya ƙaru a kai saboda kujerar da yake zaune, to kujerar ce ta jawo shi, kuma kujerar ajiya ce.

Wani zai ce ai fili ya saya da kuɗinsa, don haka ya zama nasa. Gaskiya ne ya sayi mintoci, amma bai sayi zukatan masu saurare ba, kuma tashar ma ba ta da ikon sayar masa da su. Mu dubi dillali a kasuwar shanu. Kowa ya san dillali yana da la'ada, kuma ba wanda yake ganin laifinsa, domin mai saye ya san da wa yake magana, yana sauraren yabon da ake yi wa sa yana ragewa a zuciyarsa. Haka maroƙi, idan ya wasa mutum a gidan biki ba wanda ya ruɗu, an san abin da yake nema. Ɓarnar tana faruwa ne idan dillali ya zo maka a rigar aboki, ya ja ka gefe ya ce shawara yake ba ka saboda Allah, alhali san nasa ne. A lokacin ka ajiye ma'aunin da kake auna maganar ɗan kasuwa, ka ɗauko wanda kake auna maganar ɗan'uwa. Kalmomin ba su canza ba, mai yiwuwa ma san lafiyayye ne, amma an karɓe maka damar yin hattara ba da saninka ba. Wannan shi ne abin da mai shirin nan ya yi da ya ce ya bincika ya ga mutanen kirki ne. Ko da kamfanin ya kai kowa Makka ya dawo da shi lafiya, ya riga ya yi wa jama'a shaida a kan kansa yana nuna kamar a kan wani yake yi.

Akwai ma abin da ya fi wannan muni, wanda kunnen da ya saba da rediyo ba ya kasa ganewa. Sai a buɗe layin waya, wani ya bugo yana rantsuwa cewa ya sha maganin ya warke, ko ya sayi filin ya sami takarda, alhali yaron shagon ne ko ƙanin matar mai shirin. Malaman fiƙihu suna da suna ga ɗan'uwan wannan a kasuwa, shi ne najashi, watau mutum ya riƙa ƙara wa kaya kuɗi ba don zai saya ba, sai don ya ruɗi mai saye na gaskiya. Sun haramta shi tun kafin a san za a yi wani abu wai shi rediyo.

Ba mu kaɗai muka gamu da wannan matsala ba. A Amurka, a 1959, an bankaɗo cewa masu sanya faifai a rediyo suna karɓar kuɗi a ɓoye daga kamfanonin waƙa, wasunsu ma suna da hannun jari a waƙoƙin da suke cewa jama'a ne ke so. Wani shahararre a cikinsu, Alan Freed, ya rasa aikinsa, kuma a 1960 majalisar ƙasar ta gyara doka. Abin lura shi ne gyaran bai hana biyan kuɗi don a sa abu a iska ba, sai dai ya wajabta a faɗa wa mai saurare cewa an biya. A nan gida ma ƙa'idojin hukumar da muka ambata sun nemi a bambanta talla da shiri, sun kuma hana mai karanta labarai fitowa a cikin talla. Dokar tana nan a takarda. Amma jami'in da ke zaune a ofis, wanda wataƙila ko Hausa ba ya ji, yaushe zai gane cewa kamfanin da aka yaba a shirin awa guda na daren Laraba na mai shirin ne? Waɗanda suka sani su ne masu shan shayi.

Wannan ya kawo mu ga namu kason, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu masu saurare mun iya gunaguni a teburin shayi, amma idan aka buɗe layi sai mu ɓuge da kirari da fatan alheri, kowa yana so a ambaci sunansa da na unguwarsu. Muna jin nauyin mai shiri kamar yadda muke jin nauyin surukai. Kunya abu ne mai kyau, sai dai a nan ta zama ƙofar da ake shigo mana ta ita. Kuma ga Hausawan da ke zaune a Kudu abin ya fi tsanani, domin mutumin Kano idan ya gaji da wata tasha sai ya murɗa zuwa wata, mu kuwa awa guda ce tal a mako, murya ɗaya ce, ita ke sanar da mu wanda ya rasu da wanda ya haihu. Idan muka daina yarda da ita ba mu da wata. Ranar da za a yi tashin hankali a kasuwa, irin wanda aka yi a Shasha ta Ibadan a 2021, muryar nan ce za ta ce wa jama'a su zauna a gida ko su fito, kuma a ranar ana bukatar a gaskata ta nan take, ba tare da wani ya tsaya yana tunanin ko akwai abin da take sayarwa ba.

Abin da muke nema daga mai shirin bai fi ƙarfinsa ba. Ya je ofishin talla na tashar ya biya kamar kowa, a ba wani ya karanta, ko kuwa in shi zai karanta da kansa ya buɗe baki ya ce, "Jama'a, yanzu talla ce, kuma kamfanin nawa ne." Ya raba ta da sanarwar rasuwa. Idan wani mai irin sana'arsa ya kawo tasa tallar, ya karanta ta da irin muryar da ya karanta tasa. Idan kuma wani ya bugo waya yana kuka da kamfanin, kada ya katse layin ya ce matsalar na'ura ce.

Mun koma teburin shayin bayan mako biyu, muka tarar dattijon mahauci ya sa jikansa ya rubuta wa mai shirin takarda, ya kuma kai ta tashar da ƙafarsa. Direban yana ta yi masa tsiya cewa ba za a karanta ba. Da daren Laraba ya yi, mai shayi ya ƙara murya, kowa ya yi tsit. An karanta gaisuwar dattijon da sunan rumfarsa, an yi masa addu'ar Allah ya ƙara kasuwa, sauran abin da ke cikin takardar kuwa ba a taɓa shi ba.