Farashin da aka ja wa layi

Wasan harbin juna da ƙwallayen fenti ya fara ne a jihar New Hampshire ta Amurka a 1981, da wata bindiga mai suna Nel-Spot 007 wadda asalinta itatuwa da shanu ake yi wa alama da ita. Yau ya zama kasuwa mai zaman kanta: bindigar sabon shiga irin ta Tippmann tana da sauƙin kuɗi, ta 'yan gasa irin ta Planet Eclipse kan haura dala 1,000, ga tulun iska, ga abin kare fuska, ga ƙwallaye 2,000 a kowane kwali. Sabon shiga bai san darajar ko ɗaya ba. Abin da idonsa ke kamawa a kanti lambobi ne biyu, babba da aka ja wa layi da ƙarama a ƙarƙashinta, kuma daga tazarar da ke tsakaninsu yake yanke cewa ya tsinci garaɓasa. Tun 1974 masana halayyar ɗan Adam Tversky da Kahneman suka nuna cewa lambar da mutum ya fara gani tana jan ƙiyasinsa ko da ba ta da tushe. To, in ba a taɓa sayar da kayan a kan babbar lambar ba, mene ne matsayin cinikin?

A ganina najashi ne ya sake riga. Annabi (SAW) ya hana najashi, wato mutum ya ƙara tayi ba da niyyar saye ba, sai don ya ingiza wani, kamar yadda abokin dillali kan taya sa a kara alhali ko sisi babu a aljihunsa. Lambar da aka ja wa layi aikin wannan mutumin take yi: tana shaidar zur cewa akwai waɗanda suka biya haka. Aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta rataya halaccin ciniki a kan yardar juna, yardar da aka gina a kan ma'aunin ƙarya kuwa ba ta cika ba. Shi ya sa Malikiyya suka ba wanda aka yi wa najashi da sanin mai kaya zaɓin mayar da kayan.

Za a ce ai Annabi ya ƙi ƙayyade farashi a Madina lokacin da kaya suka yi tsada, don haka mai kanti yana da 'yancin sa kuɗin da ya ga dama. Haka ne, kuma wannan hujjar tana tare da ni. Dubi filayen wasan da ke hana a zo da ƙwallaye daga waje, suna sayar da nasu fiye da farashin kanti. Wannan ne 'yan wasa suka fi ƙorafi a kai, amma shi ya fi tsabta: an faɗa tun a ƙofa, kuma ribar ce ke biyan alƙalan wasa, inshora da gyaran fili. Tsada da aka bayyana ba ha'inci ba ce. Abin takaici, mai saye yana fushi da wanda ya faɗa masa gaskiya, yana yi wa wanda ya yaudare shi godiya.

Za a kuma ce wasa ne, kayan nishaɗin masu hali, wa aka cuta? Haramcin yaudara bai bambance gero da kayan wasa ba, kuma cutar a nan tana iya taɓa jiki. Ƙwallon yana fita da gudun da ya kai ƙafa 300 a daƙiƙa ɗaya. Abin kare fuska mai gilashi biyu ba ya saurin yin hazo. Mai gilashi ɗaya yakan yi, sai yaro ya ɗaga shi a tsakiyar fili don ya gani, idonsa a buɗe. Mai kantin da ya liƙa wa mai gilashi ɗaya farashin mai gilashi biyu, sannan ya ja masa layi, ya sa uban yaron ya ɗauka ingancinsu ɗaya ne.