Bimbinin Safiya: Buhun Gawayi da Kaɗanya

Karatu: Maimaitawar Shari'a 20:19-20, Amos 8:4-8

Kafin hantsi ya ɗaga, Babbar Kasuwar Kaduna, wadda ake kira Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ta riga ta cika. Mai daddawa ta baza kayanta, mai man kaɗe ma haka. Yawancin matan da za su saya kuwa, a kan gawayi za su ɗora tukunya.

Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, gas da kananzir suka ƙara fin ƙarfin talaka, gidaje da yawa suka koma ga gawayi. Masu ƙona shi sun fi son itace mai tauri, shi ya sa gatari ya faɗa wa kaɗanya, ɗorawa ma ba ta tsira ba. Kaɗanya takan kai shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, amma a yini guda ake kayar da ita. Ke nan gawayin da muke dafa miya da shi yana cinye daddawar miyar da man kaɗen mai sayarwa.

A karatunmu na fari, Ubangiji ya hana Isra'ilawa sare itatuwa masu 'ya'ya ko da sun kewaye birnin abokan gaba da yaƙi. In Allah ya kāre itacen abokin gaba, ina ga wanda ke ciyar da gwauruwa a ƙauyen da ke kusa da mu?

Sai dai kada mu yi saurin jifan mai gatari. Yunwa ce ta kora shi daji. Dillali ya karɓi buhunsa da arha, matar da ke saye a ƙulle-ƙullen leda ta biya da tsada, ribar ta tsaya a tsakiya. Irin wannan ciniki Amos ya tsawata wa: a rage mudu, a murɗe ma'auni, a sayi matalauci da kuɗin takalmi. Ya kuma ce ƙasar kanta za ta girgiza saboda haka. Abin da ke tsorata ni ke nan, domin Allah bai raba cutar talaka da ɓarnar ƙasa ba.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kin buɗe rumfa yau, ki cika mudu. In ka ɗauki ɗan dako, ka biya shi kafin guminsa ya bushe. Damina in ta sauka, a dasa ɗorawa a filin ikkilisiya.

Addu'a: Ya Uba, ka gafarta mana haɗamarmu, ka buɗe wa talaka hanyar abinci wadda ba ta bi ta kan gatari ba. A cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.