Sahun da Ke Jera Kansa a Kan Zinariya

Idan aka tsoma siririn fallen zinariya a cikin itanol mai ɗauke da ƙwayoyin sinadarin tayol, cikin 'yan mintoci sukan lulluɓe fuskarsa. Kowace ƙwaya tana da kai na farar wuta wanda ke kama zinariyar kam, da doguwar jela ta kabon. Bayan sa'o'i jelolin kan daidaita sahu, duk sun karkata wajen digiri 30 kamar gero a gona iska ta kaɗa shi gefe guda, tsakanin kai da kai kusan rabin nanomita. Ralph Nuzzo da David Allara ne suka bayyana irin wannan shimfiɗa a Amurka a 1983, George Whitesides na Jami'ar Harvard da ɗalibansa suka faɗaɗa binciken. Idan za a yi amfani da shimfiɗar wajen gano wani sinadari, a bakin jelar ake ɗaura abin da zai cafke sinadarin da ake nema, kamar furotin a cikin jini. Da ya kamu sai hasken da ke dawowa daga zinariyar ko wutar lantarkin da ke ratsa ta ya sauya, na'ura ta auna.

Masana suna cewa shimfiɗar ta "haɗa kanta", kuma a nan tambayar take: tsari na iya samuwa ba mai tsarawa? Kalmar tana nufin ba hannun da ya ɗora ƙwayoyin ɗaya-ɗaya. Ba ta kore sababi. Mai bincike ne ya wanke zinariyar, ya zaɓi tsawon jelar. Sauran aikin jan juna ne tsakanin ƙwayoyi, wanda ba shi ya ƙaga ba.

A kan irin wannan sababi malamai suka daɗe da saɓani, ko da yake misalinsu wuta da auduga ne. Imam Gazali ya ce haɗuwarsu da ƙuna al'ada ce da Allah Yake gudanarwa, wutar ba ta da tasiri na kanta. Haka littattafan tauhidi na Sanusi da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa suke koyarwa. Ibn Rushd ya ce Allah Ya sanya wa abubuwa ɗabi'u, musun su rushe ilimi ne. Gwaji ba ya raba wannan gardama, domin na'urar tana ganin maimaituwar lamarin ne kawai, wadda ɓangarorin biyu suka yarda da ita.

Sahun ma ba ya cika cif: akan sami ramuka a fuskar zinariyar da giɓi inda jeri biyu suka haɗu, kuma iskar oksijin tana cin kan farar wutar sannu a hankali har ƙwayoyin su saki.