Shin Minti Mudu Ne Na Auna Ladan Ma'aikaci?

Ga wata mas'ala da ta shafi yaranmu masu ƙera manhajar waya. A da, mutum ya sayi manhaja sau ɗaya, an gama. To sai kamfanoni suka kawo wani tsari: a biya maƙerin gwargwadon yadda aka yi amfani da abinsa. Kamfanin Amazon ya gwada haka a 2015, yana biyan dalar Amurka 1 a kan kowane minti 500, daga baya ya janye.

In ka ji shi da kunne, sai ka ce adalci ke nan. To mu kai shi Jibiya mu gani.

A ƙaddara wani yaro ya yi manhajar lissafin canjin Naira da Sefa, don fatake masu bi ta Magama zuwa Maraɗi. Falke ya buɗe, ya ga lissafinsa, ya rufe. Minti ɗaya. In kullum yana haka, ladan yaron a shekara santi 73 ne. Shi kuwa mai wasan waya da ke riƙe mutum awa 2 kullum, cikin kwana 3 ya kusa kama shi. Subhanallahi! Ashe iyawar yaron ita ta rage masa lada. Da zai jinkirta lissafin da gangan, ya ɓata wa falke lokaci, da ya fi samu.

Malaman fiƙihu sun shardanta a ijara cewa lada ya zama sananne. Wani zai ce, ai akwai ji'ala, inda sai aiki ya biya bukata ake biya. Na'am, shi ya sa ni ban ce tsarin haramun ne ba. Amma bukatar falke ta biya a minti na farko. Abin da ake aunawa daɗewa ne, ba amfani ba.

Sa'an nan wa ke ɗaukar asara? A Satumba 2021 an yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Jibiya. A Agusta 2023 aka rufe iyaka, sai Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. Babban kamfani mai jama'a a ko'ina bai ji komai ba. Yaron nan da mutanensa ba su wuce fataken hanya ɗaya ba, ranar da aka gicciye ƙarfe a Magama mudunsa ya kife, alhali aikinsa na nan lafiya lau.