Gyara ko Gori?

Wata Lahadi a ƙaramar majami'armu da ke tsakanin Nima da Maamobi, wata dattijuwa mai sayar da koko da ƙosai ta tashi domin ta yi godiya ga Allah. 'Yar ƙabilar Kusasi ce daga wajen Bawku, ta kuwa fi shekara 30 a Akra. Cikin murna ta ce, "Yarinya na ya haihu lafiya." Da aka tashi sujada, wani saurayi da ya yi karatu a Zariya ya tare ta a bakin ƙofa ya ce, "Mma, ashe a gidanku maza ne ke haihuwa?" Aka tuntsire da dariya. Ni ma, da nake katikis, na yi murmushi. Tun daga ranar ba ta sāke buɗe baki a gaban jama'a ba, ko da addu'a.

Bayan haka gardama ta kaure tsakanin matasanmu. Waɗansu suka ce saurayin ya yi daidai, gama in ba a gyara ba Hausa za ta lalace a bakinmu. Waɗansu kuwa suka ce Hausar Zango tamu ce, ba ruwanmu da ta Kano. Ni dai tambayar da ta tsaya mini a rai ita ce: yaushe ne gyaran maganar ɗan'uwa yake zama taimako, yaushe ne kuma yake zama gori?

Bari mu fara ba masu gyara gaskiyarsu. Ƙa'ida tana da amfani. Da yawa cikinmu a nan ba mu rarrabe baki da baƙi, ko fada da faɗa, ko kafa da ƙafa. Mukan ce "saya" ko muna nufin ciniki ko muna nufin mutum ya tsaya. A hira wannan ba ya damun kowa, domin fuska da hannu suna taimakon baki. Amma takarda ba ta da fuska. Shi ya sa masana suka wahala wajen daidaita rubutu. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, ƙamus na Bargery ya fito a 1934, aka kuma kafa Hukumar Harshen Hausa a Arewacin Nijeriya a 1955. Albarkacin wannan aiki, littafin da aka buga a Jos ko Zariya yakan karantu a Maradi da Kumasi da Akra. Ni kaina nakan zauna da masu karatun Lahadi tun ranar Asabar, mu bi aya aya, don kada a karanta abin da ba a rubuta ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Amma kafin mu kira Hausar Zango ɓatacciya, ya kamata mu san inda ta fito. Fatake ne suka kawo ta, masu zuwa Salaga sayen goro. Sunan "zango" ma nasu ne, wato wurin da ayari ke sauka. Sa'ad da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, 'yan kasuwa suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da sauran garuruwa. Cikinsu akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya yi rubuce-rubuce da Hausa da Larabci har ya rasu a Kete-Krachi a 1934. Turawa kuma sun ɗebi sojoji da 'yan sanda daga arewa, Hausa ta zama harshen bariki. Da Nima ta kafu a shekarun 1930, sai ga Mosi da Kotokoli da Zabarmawa da Busanga da Frafra da Fulani a layi ɗaya, suna ɗiban ruwa a famfo ɗaya. Da wane baki za su gaisa, su yi ciniki, su yi wa juna ta'aziyya? Hausa ce ta ɗauki wannan kaya. Yawancin harsunan nan ba su raba namiji da mace a magana kamar yadda Hausa ke yi da "ya" da "ta". To, dattijuwar nan ba sakaci ta yi ba. Hausar da ta tarar a kasuwa ita ta koya, da ita kuma ta ciyar da 'ya'yanta.

Sa'an nan, ita Hausar da ake auna mu da ita, guda nawa ce? Bakano ya ce "muka zo", Basakkwace ya ce "munka zo". Wani ya ce "yana", wani ya ce "shina". An zaɓi ta Kano domin rubutu, amma ba wanda ya isa ya ce wa Basakkwace shi ba Bahaushe ba ne. Masu yi mana dariya don muna cewa "trotro" sun manta littafi da alƙalami daga Larabci suka zo, agogo da ashana daga Yarabanci, mota da tebur da asibiti daga Turanci. Mu ma mun ba Gana rance. Wake ne ya zama "waakye", tuwo mai zafi ya zama "tuo zaafi", kaya kuma ya shiga sunan "kayayei". Gidan rediyon Gana da ke nan Kanda ya daɗe yana ba Hausa wuri cikin harsunan da yake watsa labarai da su. Harshen da ake ciniki da shi dole ya ara, ya kuma ba da aro.

Ga inda maganar ta shafi zuciya. A Littafin Mahukunta sura 12 an ba da labarin yadda mutanen Gileyad suka tsare mashigan Urdun, suna sa kowane mai wucewa ya faɗi kalma ɗaya. Mutanen Ifraimu ba su iya furta harafin farko yadda ake so ba, aka kashe mutum 42,000 daga cikinsu. Dukansu Isra'ilawa ne, kowa kuma ya gane abin da ɗan'uwansa ya faɗa. Ba ma'ana ake nema ba, hanyar ware mutum ake nema. Haka ma daren da aka kama Yesu, karin harshen Galili ne ya sa aka nuna Bitrus da yatsa a farfajiyar babban firist. Mu ba mu riƙe takobi, amma duk sa'ad da muka sa ɗan'uwa ya ce "tsaya" domin mu ji ya ce "saya" mu yi dariya, a wannan mashigi muke tsaye.

Saboda haka, ɗan'uwa mai karatu, kafin ka gyara wa wani magana, yi wa kanka tambaya uku. Ta fari, ka gane abin da ya faɗa? In ka gane, harshe ya riga ya yi aikinsa, sauran kuwa zai iya jira. Ta biyu, a ina kake gyaran? Gyaran da aka yi a keɓe yakan shiga kunne, wanda aka yi a bainar jama'a kuwa fuska yake ci. Ta uku, wa zai ƙaru da gyaran, shi ko kai? In abin da kake so shi ne a san ka je Zariya, to, gori kake yi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Saurayin nan harshe biyu yake ji. Dattijuwar da ya yi wa ba'a tana jin na Kusasi da Hausa da Twi da Ga, ba ta kuwa taɓa yi masa dariya ba ranar da ya kasa gaishe ta da nata.

Bayan wata biyu na je rumfarta da sassafe, na ce, "Mma, na zo neman gafara, gama ni ma na yi murmushi a ranar." Ta zuba mini koko, ta ce, "Malam, Allah ya ji ni, shi bai yi dariya ba." Ta gafarta mini, amma har yanzu ba ta tashi a gaban jama'a ba. Magana zarar bunu ce.

Mu koya wa 'ya'yanmu rubuta Hausa bisa ƙa'ida, mu sa ƙugiya inda ta dace, mu raba "ya" da "ta" a takarda. Amma kada mu bar ƙa'ida ta rufe bakin wanda ya tashi yin godiya. Allah ya ba mu kunnen da ke jin mutum kafin ya ji kuskurensa. Amin.